Hoto ba ya dafa miya

Akwai maganar da nake yawan ji wajen matasanmu masu koyon haɗa manhaja a Agege, har ta fara isata: wai manhajar girki in ta samu hotunan abinci masu jan ido, aiki ya ƙare. Gaskiya ne hoto kan sa mutum ya buɗe manhaja. Amma ba shi zai sa ya ci gaba da amfani da ita ba.

Binciken abin da zai riƙe mai amfani da manhaja yana farawa ne a kicin. A tsaya a kalli mai girki da wayarta, ba a tambaye ta ko abin ya burge ta ba, don kara za ta sa ta ce eh. Ga mai dafa-duka: manhaja ta ce shinkafa giram 500, ita kuwa da gwangwanin derica aka auna mata a kasuwar Mile 12. Hannunta duk manja da attaruhu, fuskar wayar ta mutu, kafin ta wanke hannu albasa ta ƙone. Daga nan mai tsarawa zai gane a sa ma'aunin gwangwani, a ƙara girman rubutu, fuskar waya ta zauna a kunne. Tun 2000 Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhajoji, ya nuna gwaji da mutum biyar ma kan tono yawancin irin waɗannan matsaloli.