Ramukan kwal na Enugu sun zama kayan gwanjo

Ana ta cefanar da filaye da gidajen tsohuwar Hukumar Kwal ta Najeriya a Enugu, amma ban ji wani mai faɗa a ji ya ce uffan kan ramukan da suka haifi garin ba. Bara na leƙa Iva Valley, ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren haƙar kwal na garin. Ciyawa ta rufe bakin ramin, ruwa mai launin tsatsa yana tsiyayowa daga ciki, ƙarfen dogon da ake tura kwal a kai kuwa sai guntaye, saura 'yan gwangwan sun yi awon gaba da shi. Saurayin da ya raka ni, haifaffen unguwar, bai iya nuna mini inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 ranar 18 ga Nuwamban 1949 ba.

Masu cewa kwal tsohon yayi ne, gara a yanka fuloti a huta, sun kauce wa maganar. Wa ya ce a koma haƙa? Cewa muke kada a shafe wurin. Tun da aka gano kwal a Udi, kusa da Enugu, a 1909, shi ya sa aka shimfiɗa dogo zuwa Fatakwal a 1916, shi ya tara jama'ar da ta zama Enugu. Kisan 1949 kuma ya haɗa kan 'yan kishin ƙasa da a da ba sa ga maciji da juna. Duk wannan, sakayyarsa mutum-mutumi a shataletale, motoci na busa masa hayaƙi?

Kada ɗan Arewa ya ce ba ruwansa. Da kwal ɗin nan jirgin ƙasa ya riƙa jan gyaɗar Kano da kuzar Jos kafin zuwan injin dizal. Magajin garin Enugu na farko ma, Malam Umaru Altine, Bafulatani ne daga ƙasar Sakkwato.

Uzurin rashin kuɗi kuwa, a kai kasuwa. Gwamnatin Jihar Enugu da ke taƙama da laƙabin birnin kwal a lambar mota ba za ta rasa kuɗin katanga ba. A killace Iva Valley da ramin Onyeama, a ɗauki muryoyin tsofaffin mahaƙan da suka rage tun suna da rai, a kafa allo mai sunayen mutum 21 ɗin nan. Kuɗin fuloti nawa wannan zai ci?