Yaron da ya san zaki amma bai san gauraka ba

Ranar Talatar da ta wuce na shiga aji a nan Kusiri, a arewacin Kamaru, na ɗaga wayata da hoton wani tsuntsu, na ce wa ya san wannan? Yara hamsin da 'yan kai. Wani ya ce talotalo ne, wata ta ce ɗawisu. Gauraka ne fa, da tukkunsa ruwan zinariya da farin kumatunsa. Abin da ya fi ci mini rai, da yawa a cikinsu 'ya'yan mutanen Tafkin Chadi ne, iyayensu daga Darak da Kofiya da Bulangwa suka taso bayan fitinar Boko Haram ta tsananta tun daga 2014. Tambaye su sunan zaki ko raƙumin dawa da Faransanci, kafin ka rufe baki sun ba ka amsa. Tsuntsun da kukansa ke tayar da kakanninsu da asuba kuwa, ko a mafarki.

Ban ga laifinsu ba. Ni da nake wannan surutun, ba a makaranta na koya ba. A kwalekwalen Baffa na koya, ina riƙe da ƙwaryar kwarfe ruwa, shi yana tuƙi yana nuni da haɓa. Ga zalɓe can tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai bin bashi. Ga kwasakwasa da jakarsa a maƙogwaro, in ka ga sun taru, kifi na wurin. Ga kirinjijiya, ga dinya, ga borin tunke da ba ya rabuwa da inda ake fiɗar kifi. Wata rana wata 'yar agwagwar ruwa ta faɗa ragarmu, da zoben ƙarfe a ƙafarta mai ɗauke da lambobi. Mutane suka ja da baya, wai asiri ne. Sai wani malamin makaranta ya duba ya ce a Turai aka sa mata, ta ƙetaro Sahara ne gudun sanyi, ta zo cin rani wurinmu. Baffa ya juya ta a hannu ya ce, "Ashe baƙuwa ce. Ba a yanka baƙo." Ya sake ta. Ni kam ranar na ji haushi, don na riga na ƙiyasta romonta.

Ra'ayina shi ne duk maganar kare tsuntsaye da itatuwan tsibiran Tafkin Chadi da ba ta fara daga sunayensu a bakin mutane ba, ɓata kuɗi ce. Ku dubi shamuwa. Tana zuwa gab da damina, ta yi sheƙarta a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, inda kowane yaro mai danƙo zai iya samun ta. Wa ya taɓa ganin ma'aikacin gandun daji yana gadin ta? Amma babu mai taɓa ta, saboda kowa ya san ta, ya san ita ce mai albishir da ruwa, kuma ya san abin da kakarsa za ta yi masa in ya jefe ta. Gauraka bai samu wannan gatan ba. Ana kwashe ƙwansa, ana kama 'ya'yansa a sayar wa masu kuɗi su ƙawata tsakar gida. Ungulu kuwa, wadda da ake kora a mahauta, yau sai ka yi wata ba ka ga ko ɗaya ba, don kanta da fukafukanta sun zama haja wajen masu magani. Tun 2015 masana suka sa ta cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa a duniya. Ko mahauta nawa ne a kasuwarmu suka ji wannan labarin?

Na taɓa zuwa wani taron wayar da kai a wani otal a Marwa. Kwana uku, shayi da nama, aka raba mana manyan takardu masu hotuna, sunan kowane tsuntsu da Latin da Faransanci. Babu masunci ko ɗaya a ɗakin. Takardun nan na gan su daga baya, mai ƙosai tana ƙunshi da su. Ba raina ilimi nake ba. Muna da makarantar koyon kula da namun daji a Garwa tun 1970, ga gandun Waza da ya zama na ƙasa tun 1968, ga Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, kuma ɓangaren tafkin da ke Kamaru ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya a 2010. Ilimi akwai shi. Kawai dai bai iya Hausa da Kotoko da Kanembu da Larabcin Shuwa ba, balle ya shiga kwalekwale.

A wajen itatuwa ma rashin sanin ya fi muni. A 1963 tafkin nan ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka tsotse shi har bai kai kashi ɗaya cikin goma na da ba. A wancan ƙuncin ne aka yi ta dasa wata ƙaya 'yar asalin nahiyar Amurka, wadda masana ke kira furosofis, don ta tare hamada. Dabbobi suka ci 'ya'yanta, suka baza irin a kashinsu, ta cinye busasshen gindin tafki. Da ruwa ya dawo wasu wuraren, sai kututturanta suka toshe hanyar jirgi suna yaga raga. Gaskiya tana ba da gawayi da itacen girki, mata da yawa da ita suke rufa wa kansu asiri. Amma yaron da ya buɗe ido ya gan ta ko'ina, gani yake ita ce daji. Bai san bagaruwa daban ba ce, bai san goruba da aduwa da magarya su ne 'yan gida ba. Bai taɓa ɗaga itacen nan na cikin ruwa mai sauƙi kamar totuwa ba, wanda Buduma, mutanen tsibiran tafki, ke rungumewa su yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, shanunsu na Kuri masu kumburarren ƙaho suna biye. Bai san da ciyawar tafki ake ɗaure jirgi sukutum ba. Kuma a cikin wannan ciyawar da ake cinna wa wuta da rani tsuntsaye suke ƙyanƙyasa.

Na san abin da wasu za su ce: Malam, mutane na neman abin sa wa a baki da tsira da rai, kai kana zancen tsuntsu. Haka ne. Wanda jan-baki ya sauka a gonarsa ta dawa ya share ta a yini guda, ba za ka yi masa wa'azin son tsuntsaye ba. Amma ai shi ya fi kowa bukatar rarrabewa, don kada garin huce haushin jan-baki ya zuba gubar da za ta kashe belbela da shamuwa masu cinye masa fara.

Abin da nake roƙo ba ya cin miliyoyi. A ɗauko tsofaffin masunta da ke zaune a unguwanni ba aikin yi, a kawo su aji, a biya su kamar kowane malami. Gidajen rediyo su sa kukan tsuntsu su ce a faɗi sunansa. Limamai su tuna mana hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi.

Ni dai na fara da abin da nake iyawa. Jiya Asabar na kwashi yara goma sha biyu muka gangara bakin kogin Lagon tare da wani dattijo mutumin Darak da ke sayar da banda a kasuwa. Da farko ya ƙi, wai shi bai yi boko ba. Da muka isa, kafin hantsi ya lissafa mana tsuntsaye goma sha bakwai, biyu a ciki ni ma ban san su ba. Gauraka dai ba mu gani ba. Sai ya dunƙule hannu a baki ya kwaikwayi kukansa, yara suka fashe da dariya, ban da wata yarinya da ta yi tsit ta ce, "Baba, ƙara yi. Haka Innata take yi in tana ba mu labarin gida."