Daren da Aka Naɗa Ni Sarkin Janareta

Ni dai ban taɓa yarda cewa muryata ba ta da daɗi ba. Matata ce ke faɗa, ita kuwa ra'ayinta ne. Shi ya sa da aka yi sanarwa a majami'armu a nan Jos cewa mawaƙa na neman maza don daren waƙoƙin Kirsimeti, na riga kowa ba da suna.

Ranar gwaji muka ja baiti ɗaya, malamin waƙa ya ɗaga hannu, ya mai da ni ƙarshen layi. Muka sake ja, ya sake ɗagawa, ya daɗe yana kallon silin. Can ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, akwai hidimar da ta fi waƙa nauyi, mun kuwa rasa amintaccen mutum." Haka na zama mai kula da janareta. Na koma gida na ce an yi mini ƙarin girma, uwargida ta shige kicin, na jiyo ta tana tari.

Tsarin daren shi ne karatu tara daga Littafi Mai Tsarki, daga Farawa sura 3 har Yohanna sura 1, kowane karatu a bi shi da waƙa. Malamin waƙa ba ya gajiya da tuna mana cewa haka ake yi a Kambirij ta Ingila tun 1918, sai ka ce da shi aka fara. Amma a Kambirij ai babu Zumuntar Mata, babu Sabon Rai, babu matasan da suka yi hayar lasifikokin da sai mutum huɗu ke ɗagawa. A wajenmu kowace ƙungiya sai ta yi nata. Matasa suka kwashe rabin lokaci, iyaye mata kuwa aka tura su can ƙarshe, har da roƙon "Mama, a taƙaita."

Na sha sabon kaftani na zauna bayan majami'a, sanyin hunturun Jos yana ratsa ƙashi. Gefena jarka ce da ɗan fetur a gindinta, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ma'ajinmu yake auna fetur kamar mai sayar da turare.

Wani dattijo yana tsakiyar karatun Ishaya sura 9, daidai wurin mutanen da ke tafiya cikin duhu suka ga babban haske, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Wani daga baya ya ce "Amin!"

Lokacina ya yi. Na ja igiya, janareta ya yi tari ya yi shiru. Na sake ja da dukan ƙarfina, igiyar ta tsinke, na yi baya na zauna daram cikin robar kunun da mata suka ajiye don baƙi. Kunun da sauran zafinsa, wannan kam na shaida.

Neman igiya a duhu ya gagara. Na taɓa ganin makanikai suna cire murfi su naɗa wata igiyar a kan injin, ni kuwa igiya ɗaya ta rage mini a duniya: tazugen wandona. Na zare shi na naɗa.

Ina wannan fama sai na ji tulu ya ɗauka daga ciki, dum, dum, gora ta bi, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Iyaye mata ba su jira a kira su ba. Su ba ruwansu da soket. Shugabarsu ta ba da waƙa, majami'a duka ta amsa, aka kunna fitilun waya, har dattawan da ba sa ko kaɗa kai suka miƙe suna taka rawa. Gaskiya ban taɓa jin sujada mai daɗin wannan ba, ko da yake ta taga na ji ta, hannu ɗaya riƙe da wando.

Da ɗaya hannun na fizga, janareta ya tashi, ya haɗiye tazugen gaba ɗaya. Lasifikoki suka saki wata ƙara mai tsaga kunne, waƙa ta watse, jarirai suka ɓarke da kuka. Sai ga yaro a guje: "Baba, Rabaran ya ce don Allah a kashe."

Na kashe. Mata suka ci gaba har dare ya raba, ma'aji kuwa sai murmushi yake yana leƙen jarka.

Da za a tashi, Rabaran ya ce a kira ɗan'uwan da ya sha wahala a waje, ya zo gaba a sa masa albarka tare da jama'a. Na taho a hankali, bayana jiƙe da kunu, fitilun waya duk a kaina. Ya ce kowa ya ɗaga hannuwa biyu. Na ɗaga ɗaya. Dattijon da ke gefena ya zungure ni ya ce, "Ɗana, biyu aka ce."