Batun ƙuma da kyanwoyin gidajenmu na Zango

Salamu alaikum 'yan uwa. Rubutun nan zai yi tsawo, ku yi haƙuri da ni, abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Daren Lahadi bayan isha'i muka yi musu a ƙofar shagona a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana. Ƙanina da ke zaune a Ingila ya zo hutu, ya ga kyanwar Inna tana susa da ƙafar baya kamar za ta yage kunnenta, sai ya ce a can duk wata ake ɗiga wa kyanwa da kare maganin ƙuma a ƙeya, ko an ga ƙuman ko ba a gani ba. Baba mai gidan da muke haya ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Yaro, mutane ma ba su gama samun na zazzaɓi ba, sai kyanwa? Tun kakanninmu kyanwa ke lashe jikinta ta zauna lafiya." Aka yi dariya aka watse. Ni dai dariyar ba ta zo mini ba, domin da hannuna na haƙa ramin da aka binne 'ya'yan kyanwa uku a bayan gidan nan bara.

Ni tela ne. A ƙarƙashin teburin yanka akwai wani babban kwando da nake tara ƙyallaye, kuma a cikinsa kyanwar Inna ta haihu da daminar bara, 'ya'ya huɗu. Sati biyu na farko sai son barka. A na uku na lura kukansu ya ragu, ba sa kokawar nono kamar da. Na ɗaga ɗaya, ba nauyi, kamar na ɗauki ƙullin auduga. Na juya cikinta sai ga ƙuma suna gudu tsakanin gashi, baƙi ƙirin. Na buɗe bakinta, dasashin da ya kamata ya zama ja-ja ya koma fari fat. Wata maƙwabciyarmu, mutuniyar kirki wadda ba ta da nufi sai alheri, ta ce a garinsu kananzir ake shafawa. Ta jiƙa tsumma ta goga wa uku, ta huɗun ta ɓuya a ƙasan ƙyallaye ba a gan ta ba. Kafin asuba biyu sun mutu, ta uku ta yi ta karkarwa har azahar sannan ta bi su. Garin neman gira aka rasa ido.

Ta huɗun na naɗe a hula na kai wa likitan dabbobi. Bai ɗiga mata komai ba, ya ce ta yi ƙanƙanta, yawancin magungunan ƙeya sai ɗan kyanwa ya kai sati 8. Ruwan ɗumi ya sa, da sabulu marar ƙarfi, da wani mataji mai ƙananan haƙora, yana tsefewa yana tsoma matajin a ruwan sabulu. Ya ce mini, "Malam, ƙuma sun riga sun shanye musu jini, kananzir kuma ya ƙarasa." Sannan ya nuna mini abin da tun ranar ban daina nuna wa mutane ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle mai danshi, ya taje kyanwar a kai, wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro suka zubo. Cikin ɗan lokaci kowane ɗigo ya narke ya koma ja. Kashin ƙuma ke nan, jinin dabbar ne da suka sha. Ƙasa ko datti ba sa yin haka.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne lissafin da ya yi mini. Macen ƙuma tana iya saka ƙwai har 50 a rana ɗaya, kuma ƙwan ba ya manne wa gashi, zubowa yake duk inda dabbar ta kwanta: tabarma, ƙasan gado, tsagar siminti, kwandon ƙyallayena. Ya ƙyanƙyashe ya zama 'yar tsutsa mai gudun haske, ita kuma ta naɗe kanta cikin wani ƙunshi da maganin feshi ba ya ratsawa da sauƙi. A zafi da danshi irin namu, sati biyu zuwa uku sun isa ƙwai ya zama sabon ƙuma mai cizo, wanda ke cikin ƙunshi kuwa yana iya jira har watanni. Waɗanda kake gani a jikin kyanwa ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. Sauran suna cikin ɗakinka. Shi ya sa da muka ɗiga wa uwar magani sau ɗaya bara muka ce an gama, ba a yi wata ba suka dawo kamar ba a taɓa yin komai ba. An kashe maciji ba a sare kai ba.

A lokacin ne kuma na gane abin da ke damun 'yata ƙarama. Ƙuraje ne jajaye a idon sawu da ƙwauri, biyu-biyu uku-uku a jere, tana susa har jini. Mun ɗora wa sauro laifi, mun ɗora wa kuɗin cizo, mun shanya katifu a rana har sau uku. Ashe a tabarmar da take wasa abin yake. Akwai kuma tsila. Kyanwa in tana lasar jikinta takan haɗiye ƙuma, shi kuma yana ɗauke da ƙwayar tsila, sai ka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta. Yaro mai rarrafe da komai ya samu sai baki, shi ma in ya haɗiye ƙuman yana iya kamuwa. Ba kullum yake faruwa ba, amma yana faruwa. To lasar da Baba yake cewa ita ce magani, ita ce ma ƙofar wata cutar.

Mu mutanen Zango bai kamata mu raina ƙuma ba. Annobar da ta shiga Akra a 1908, ta kuma shiga Kumasi a 1924, ƙuman ɓera ne ya yaɗa ta, kuma bayan ta Kumasi ce gwamnatin Turawa ta rushe gidaje a tsohon Zango aka gina sabo. Wancan ƙuman na ɓera ne, daban yake da wanda ya fi zama a jikin kyanwa, kuma ba tsorata kowa nake yi ba. Na kawo shi ne don a tuna dalilin da ya sa muke ajiye kyanwa tun asali. A gidan da ake ajiye buhun masara da gero da wake, ga kwata a ƙofa, kyanwa ma'aikaciya ce. Wadda take tsare mana ɗakin ajiya dare da rana, ina ganin tana da haƙƙin a raba ta da abin da ke shan jininta. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Mun san na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba malami ba ne ni, amma waɗannan tun muna makarantar allo muke jin su.

To a yi maganin duk wata ke nan, kamar yadda ƙanina ya ce? Ga inda na tsaya.

Kyanwar da ke yawo, wadda ke hawa rufi, ta shiga gidan maƙwabta, ta kwana a kasuwa ta dawo, ita kam a riƙa yi mata a kai a kai, musamman daga farkon damina har shigowar hunturu. Kumasi ba Kano ba ce. A can rani yana da tsawo, iska ta bushe ƙayau, tsutsar ƙuma kuma ba ta rayuwa in danshin iska ya sauka ƙasa da rabi. Mu damina biyu muke yi a shekara, hunturunmu gajere ne, ɗakunanmu kuma ko da hunturun ba sa bushewa sosai. Wanda ya ce zai jira sai ya ga ƙuma da idonsa a jikin irin wannan kyanwar, lokacin da zai gani ɗakin ya riga ya cika da ƙwai. Haka gidan da ke da jariri mai rarrafe, ko kyanwa mai ciki. Ita mai cikin a tambayi likita wanda ya dace da ita tun kafin ta haihu. Da mun yi haka bara, da ban haƙa ramin nan ba.

Amma kyanwar da ke zaune a bene ba ta sauka ƙasa, ba wata dabba da ke shiga wurinta, ban ga dalilin ɗiga mata guba sau 12 a shekara ba. Guba ce fa, a faɗi gaskiya, an dai auna ta yadda za ta kashe ƙwaro ta bar dabba. A can Ingilar ma da ƙanina ke misali da ita maganar ba ta zauna ba. A 2020 masu bincike na Jami'ar Sussex suka duba sakamakon gwajin ruwan koguna 20 na ƙasar, suka tarar da fipronil, sinadarin da ke cikin maganin ƙuma na ɗigawa mai suna Frontline, a kusan dukkan samfuran, imidacloprid kuma, wani sinadarin maganin ƙuman, a kusan biyu cikin uku. Shi imidacloprid ɗin Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili a gonaki tun 2018 saboda ƙudan zuma. A 2021 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta shawarci mambobinta su riƙa duba halin kowace dabba maimakon yi wa kowa kuɗin goro. Idan ƙasar da ke tace ruwan datti ta ga haka, mu da ruwan wankan kare ke gangarawa kai tsaye daga kwata zuwa rafin Aboabo da Subin fa? Irin wannan kyanwar ta bene, mataji da farin ƙyalle sau ɗaya a sati sun ishe ta. Ranar da ɗigo ya yi ja, sai a fara magani, kuma a yi wata uku a jere ba fashi, don a cinye waɗanda ke ɓoye cikin ƙunshi.

Kare kuwa, mu a cikin lungu ba kasafai muke ajiye shi ba, amma 'yan uwanmu da suka yi gini a Sawaba da Asokore Mampong da yawa suna da na gadi. Shi damuwarsa biyu ce, ƙuma da kaska, kuma kaska ta fi muni don tana sa masa zazzaɓin da ke cinye jini. Karen da ke kwana a tsakar gida cikin ciyawa, a yi masa ba tare da jira ba. Akwai na taunawa, NexGard na wata-wata, Bravecto na sati 12. Suna da tsada, ban ɓoye ba. In kuɗin bai isa duka ba, allurar haukan kare ita ce gaba da komai, domin ƙuma ƙaiƙayi yake sa wa mutum, haukan kare kuwa in alamunsa suka bayyana babu tashi.

Roƙo ɗaya nake yi da babbar murya. Kada a sa wa kyanwa maganin kare. Da yawa daga na karnuka suna ɗauke da permethrin, hantar kyanwa kuma ba ta iya sarrafa shi. Ɗan kaɗan ya isa ya sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Kada a sayi na babban kare a ce za a raba wa kyanwoyi don a yi tattali. Kananzir, baƙin mai, maganin feshin gona, maganin kyankyaso da ake sayarwa a ƙananan kwalabe a bakin tasha, duk a nisanta su da jikin dabba, a kuma nisanta su da ɗakin da yara ke kwana. A je wurin likitan dabbobi, na gwamnati ko mai zaman kansa, a auna nauyin dabbar, a duba ranar lalacewa a jikin kwali. In an ɗiga, a buɗe gashi a sa a fatar ƙeya inda harshe ba ya kaiwa, kada a yi mata wanka kwana biyu, yara kuma kada su rungume ta sai wurin ya bushe.

Rabin aikin ma ba na kuɗi ba ne. Shara ce ta ƙasan gado da bayan akwati, wanke tsumman da dabbar ke kwanciya a kai da ruwan zafi, shanya tabarmi a rana mai ƙarfi, kwashe sharar a fitar da ita daga gida a ranar. Ni kwandon ƙyallayen nan yanzu buhu ne mai ɗaurin baki, duk Asabar nake juye shi.

Wahalar gidan haya ita ce ɗaki goma sha, tsakar gida ɗaya. A namu kyanwa biyar ne, biyu na Inna, ɗaya ta matar Baba, biyu kuma kowa na ba su abinci amma ba mai cewa nasa ne. Ka yi wa taka magani ka bar sauran, ka zuba ruwa a rariya. Wannan ne ya kai ni ƙofar Baba ranar Litinin da safe, bayan ya dawo daga masallaci. Na gaishe shi na durƙusa, na ce, "Baba, ina neman izini in nuna maka wani abu." Na ɗauko kyanwar matarsa da ke kwance a kan buzun sallarsa, na shimfiɗa farin hankicina da na jiƙa, na taje ta sau huɗu. Ya sa tabarau ya sunkuya. Muna kallo ɗigon suka fara yin ja ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ɗaga buzun ya kakkaɓe, ya ce, "A nan nake sa goshina."

Yanzu an tsayar cewa ranar da ake karɓar kuɗin wuta kowane ɗaki zai ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa, a sayi na kyanwa biyar ɗin a yi musu rana ɗaya, wata uku a jere, daga nan mu ga abin da mataji zai nuna. Ƙanina ya ɗauki nauyin watan farko kafin ya koma. Maƙwabciyar nan da ta shafa kananzir ita ta fara kawo nata, kuma ita ta ce za ta riƙa riƙe kyanwoyin in za a ɗiga, don sun fi sabawa da ita.

Saura wani jan muzuru na gidan da ke bayanmu, wanda ke tsallako katanga duk dare ya kwana a kan buhunan gawayi. Gobe bayan la'asar ni da Baba za mu je mu sami mai gidan, kuma Baba ya ce in taho da hankicin.