Sharhi kan labarin ƙwayoyin giliya a ƙwaƙwalwar ɗan tayi

Madalla da wannan rahoto. Kun ce ƙwayoyin da ke haifar da giliya (wato ƙwayoyin da ke tallafa wa ƙwayoyin jijiya) a ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba iri ɗaya ba ne, rukuni-rukuni suke hayayyafa daga sassa daban-daban. Haka ne, amma Malam Edita, na so a ce kun taɓo inda abin ya shafe mu.

Giliya ba 'yan rakiya ba ne. Babban mutum yana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 a ƙwaƙwalwarsa, sauran ƙwayoyin ma yawansu ya kusa haka. Wani rukunin giliya ne ke naɗe jijiyoyi da mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, don saƙo ya yi sauri. To, daga mako na 23 zuwa na 32 na ciki, ƙwayoyin da za su zama wannan rukuni ba su nuna ba tukuna. Ƙarancin iskar oksijin ko kumburi na iya kashe su, ko ya hana su girma. A daidai lokacin ne kuma ake haihuwar bakwaini da yawa. Shi ya sa wasunsu ke tashi da sandarewar ƙafafu, sai a ce iska ce ta taɓa yaro. Wallahi abin yana ci mini rai, don ina ganin irin waɗannan iyaye mata a Rigasa, goye da yaron da ya isa tafiya.

Ƙwayoyin nan masu yin mayelin suna buƙatar sinadarin ayon (wato ƙarfe) sosai, don haka maganin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo ba na wasa ba ne. Don Allah ku nemi likitan yara a asibitin Barau Dikko ya yi mana bayanin wannan da Hausa.