Hoton gyambo a waya: ya yi awo, ma'aikaci ya yi hukunci

Inda duk ake wankin ciwo, daga Katsina har Daura, awon da aka saba shi ne na rula: tsawo sau faɗi. Lissafin nan yana ƙari. Gyambo mai siffar ƙwai, tsawo santimita 4, faɗi 3, za a rubuta masa 12, alhali filinsa 9.4 ne. Ma'aikata biyu kuma da wuya su aza rular wuri guda.

Kuskuren ba ƙarami ba ne. A gyambon ƙafar mai ciwon suga, in fili bai ragu da rabi cikin mako 4 ba, da wuya ya rufe a mako 12, dole a sake dabara. Manhajar da ke zana bakin ciwo daga hoto ta lissafa filinsa ta fi rula a nan, kuma ya kamata asibitocinmu su karɓe ta.

Sai dai ɗaukar hoton na da ƙa'ida. A fara wanke ciwon da ruwan gishirin asibiti, a tsane gefensa, domin walƙiyar waya kan jiƙaƙƙen nama tana fitowa fari fat. A manna 'yar takardar awo dab da bakinsa, waya ta fuskance shi sak, nisa da haske iri ɗaya kowane mako. In takardar na kallon waya amma ciwon ya karkace da digiri 30, kamar a dunduniya, filin zai ragu da kashi 13 cikin 100 a hoto, ba tare da wata warkewa ba.

Wajen launi ne aka fi samun tangarɗa. Manhajar na ɗaukar ja a matsayin sabon nama, rawaya da baƙi kuwa mataccen nama. To ina ta ga lalle, aidin, ko garin maganin gargajiya da aka barbaɗa? Yawancin hotunan da aka koyar da ita na masu farar fata ne, jan da ke kewaye ciwo in ƙwayoyin cuta sun shiga kuwa ba ya bayyana sosai a fatarmu.

Hoto ba ya jin wari ko zafin fata, ba ya gane rami a ƙarƙashin baki, ba ya taɓa ƙashi ko bugun jijiyar ƙafa. Waɗannan aikin hannu ne. Ma'aikacin da ke Baure ko Mai'adua ya rubuta su tare da awon kafin ya tura wa likita, bayan ya nemi yardar majinyaci, kuma kada fuska ta shiga hoton.