Ruwan Ruɓaɓɓen Kifi da Tumatirina

A bazarar bara, da rana ta fara ƙona ganyen tumatirin da na dasa a bayan gida, sai na kakkaɓe littattafan da na karanta a jami'a domin neman mafita. A ciki na tarar cewa idan fari ko gishiri ko zafi ya matsa wa tsiro, wasu ɓurɓushin iskar oksijin masu ɓarna sukan taru a cikin ƙwayoyinsa, suna cin bangonsu kamar yadda tsatsa take cin kwanon rufi. Shi kuwa tsiron yakan ƙara yin wasu sinadarai da ake kira foliyamin, irin su futiresin da sifamidin da sifamin, waɗanda suke manne wa bangon ƙwayar su ƙarfafa shi, su kuma zaburar da sauran sinadaran da aikinsu shi ne kwashe wannan guba.

Abin da ya kai ni ya baro shi ne layin da ya ce wani likita Bajamushe, Ludwig Brieger, ya gano futiresin a shekarar 1885 a cikin ruɓaɓɓen nama. Nan take na ce ashe maganin yana kasuwa a banza. Na karɓo kawunan tarwaɗa da kayan cikinta a wajen masu kifi, na jiƙa a bokiti kwana biyar, sannan na kwarara wa kowace shuka moɗa biyu, alhali masu bincike tataccen sinadari suke aunawa ɗan ƙanƙani su fesa a ganye. Shafi na gaba, wanda gaggawa ta hana ni buɗewa, ya yi bayanin cewa idan tsiro ya rushe rarar foliyamin, haidurojin feroksayid yake fita, wato ɗaya daga cikin gubar da nake yaƙi da ita.

Kafin la'asar ƙudan unguwa duka sun hallara. Maƙwabcina ya yi sallama, hannun rigarsa a kan hanci, ya ce, "Malam, lafiya dai? Ko mushe ne ya faɗa muku rijiya?" Na fara yi masa bayanin oksijin, uwargida ta ce daga bayan ƙofa, "Alhaji, ku yi haƙuri, bincike yake yi."

Da dare kyanwoyi suka zo nasu binciken, suka tone kunya uku har saiwa. Shuka ɗaya ce ta tsira, wadda ruwan kifin ya ƙare kafin in kai gare ta, kuma har yau uwargida ba ta yarda bokitin nan ya koma kusa da randa ba.